Ni na ɗaure murfin zarto, na ɗora wa ƙanena laifi

Salama a gare ku, ƴan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu.

Da yawanku kun san ni da sandar nan da nake dogarawa, kun kuma san zarton kuran, wato mai aiki da lantarki, shi ne ya ba ni ita. Abin da ba ku sani ba shi ne ɓarnar da bakina ya yi bayan zarto ya gama tasa. Fasto ya daɗe yana cewa in ba da shaida, ni kuwa ina ta kewaye-kewaye, domin shaidar ba ta fito da ni da kyau ba. Yau dai zan faɗa.

Ni haifaffen ƙasar Kurfai ne, wajen Tabla. Ina saurayi na tafi cin rani, ranin ya zama rabin rayuwata. Na yi aikin katako a Kumasi, na yi a Lome, na daɗe a Abijan, na taɓa Libiya. Na iya Faransanci, na iya Zabarmanci da Julanci, ina jin yaren Asante gwargwado. A Abijan ne na karɓi Yesu. Da labari ya iso gida, dangi suka ja jiki, wasu ko gaisuwata ba su amsawa. Mutum ɗaya ne ya tsaya mini: ƙanena Hamidu, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi, Musulmi mai riƙon sallarsa. Shi ya tashi gaban kawunnanmu ya ce, "Yayana dai yayana na. Wanda ba shi son ganinai, shi rufe ido." Da na dawo na zauna a Filinge, shi kaɗai ke shiga gidana ya sa hannu cikin kwanona. Shi ne ƙofar da ta rage mini cikin danginmu.

Na dawo da zarton kuran, irin na hannu mai faifai mai haƙora. Yana da murfin ƙarfe da ke rufe faifan da kansa da zarar an ɗaga shi daga katako. A shantiye, wato wuraren gini na Abijan, mukan ja murfin nan sama mu ɗaure da waya, wai yana rage mana sauri. Wani shef, wato shugaban aiki, Ba'asante da na yi aiki ƙarƙashinsa a Kumasi, in ya ga haka, a take yake korar mutum. A Libiya ma sai da aka yi mini faɗa a kai. An gargaɗe ni da harsuna biyu, ƴan'uwa. Na ji da kunnena, na kuma ci gaba da ɗaurewa, don ina ganin hannuna ya wuce a koya masa.

Kun tuna lokacin da muke zama kan tabarmi a ɗakin sujadan nan, tsofaffi suna fama da gwiwa. Na ce ni zan yi bencuna kyauta. Da girman kai na faɗa, ba zan ɓoye ba. Ina so a ce aikin tsohon ɗan Abijan ne.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, a tsakar gidana. Ba ni da teburin aiki, sai na kifa turame biyu na matata Saratu, na ɗora katako a kai, ƙarshensa ya zarce waje, nan zan yanke. Na saki faifan har ƙarshen zurfinsa, alhali katakon bai fi kaurin yatsu biyu ba. Na danne katakon da hannun hagu, na riƙe zarto da dama kaɗai, na tsaya daidai bayansa, cinyata tana kan layin yanka.

Sai ga Hamidu ya shigo da sallama, ya zo daga ƙauye.

"Yaya, kai da ba ka hutawa! Tsoho da kai, ka tashi unguwa da ƙara."

"Zamna ka ga aikin birni, baƙauye," na ce masa, muka yi dariya.

Na kunna, na shiga katako. To ku da kuke ƴan ƙasar nan kun san tarbiyyarmu. A shantiye na bakin teku, ko gini zai faɗo maka, ba wanda zai taɓa katakonka sai ka kira shi. A Kurfai kuwa, ƙane ba ya naɗe hannu yana kallon wansa yana aiki. Hamidu ya ga guntun da nake yankewa ya fara rinjaya zai faɗi ƙasa. Ya yi wuf ya tallafe shi, ya ɗaga sama kaɗan, don kada katakon yayansa ya sha ƙasa.

Da ya ɗaga, tsagar ta rufe, ta cije faifan. Zarto ya yi tsalle da baya.

Wayyo! Ban ga tahowarsa ba. Na ji kamar jaki ya harbe ni, na ga kaina zaune a ƙasa, wandona ya rabu, cinyata a buɗe kamar an fede akuya. Da murfin yana sake, da ya rufe haƙoran kafin su iso ni. Amma na ɗaure shi.

Saratu tana ihu. Hamidu bai yi ihu ba. Ya fizge wayar kuran daga bango, ya warware rawaninsa ya ɗaure mini cinya tamau, ya danne ramin da tafin hannunsa, yana ta kiran sunan Allah. Shi ya ɗauke ni kamar jariri ya sa a amalanken maƙwabci. A gidan likita majo, babban ma'aikacin jinya, ya ce da ba a ɗaure da wuri ba, da gawa aka kawo masa. Daga nan aka wuce da ni Yamai.

Ga inda shaidata ta yi baƙi.

Kwana na uku a Yamai, dangi suka zo dubiya, har da waɗanda suka shekara ba su gaishe ni ba. Ina kwance, zafi yana cina, na ji wani kawunmu yana cewa a hankali wai wanda ya bar hanyar iyayensa, ga irin abin da yake gamuwa da shi. Zuciyata ta tafasa. Ban iya juyawa kan kawun ba. Sai na juya kan wanda yake zaune bakin gadona yana yi mini fifita, rigarsa har yanzu da tabon jinina.

Na ce, "Kai ka yi mini wannan. Wa ya ce ka taɓa? Da gangan ka ɗaga. Kun gaji da kafirin gidanku, an aiko ka ka ƙarasa shi."

Hamidu ya ajiye maficin a kan gado.

"Yaya, ni?"

"Kai."

Ya sa takalmansa ya fita. Saratu ta bi shi har bakin titi tana kuka tana ba shi haƙuri, bai waiwayo ba.

Na dawo Filinge da ƙafar da ba ta lanƙwasawa sosai. Na zauna wata da watanni ina kiwon ƙiyayya kamar mai kiwon rago. Duk wanda ya zo gaishe ni sai na ba shi labari yadda nake so: ina cikin aikina lafiya, wani ya sa hannu. Kun ji wannan labari daga bakina, wasunku har kun ce mini sannu da haƙuri. Ina zuwa sujada, ina rera waƙa, ina cin jibin Ubangiji da wannan ƙaryar a cikina. Damina ta zo, ban iya zuwa gona ba. Da kaka sai ga amalanke a ƙofar gidana cike da dammunan hatsi. Hamidu ne ya nome gonata tare da tasa, ya aiko wani ya kawo, shi bai zo ba. Kun san abin da na ce? Na ce wa Saratu, "Laifinsa ne ke cinsa."

Ta dube ni ta ce, "Malam, na yi zaton ƙafa kaɗai zarton nan ya yanke maka."

Bencuna kuwa suna nan rabi da rabi. Daga baya ikilisiya ta ɗauko wani kafinta Bazabarme, sunansa Saini, mutum mai furfura kamar ni, ya zo ya ƙarasa su a tsakar gidana, da zartona, don nasa ya lalace. Ina zaune kan kujera ina kallo. Ya ɗauki zarton, ya juya shi, ya ga wayar da na ɗaure murfin da ita. Har lokacin ban kwance ta ba.

"Baba, wa ya ɗaure wannan?"

Na ce haka muke yi a Abijan.

"To, Abijan ɗin akwai masu ƙafa ɗaya da yawa ke nan."

Bai san zafin da maganar ta yi mini ba, ko kuwa ya sani. Ya tabbata zarton ba ya jone da kuran, ya kwance wayar, ya ɗiga mai, ya yi ta ja yana saki har murfin ya koma rufewa da kansa, ƙwas. Ya taɓa haƙoran ya ce sun dakushe, ya sa sabon faifai. Ya rage zurfinsa har haƙoran suka leƙo kaɗan kawai ƙarƙashin katako. Ya ture turamen gefe, ya nemo abin ɗorawa mai faɗi, ya matse katakon da ƙarfe don hannayensa biyu su kasance kan zarto. Ya duba ko akwai ƙusa. Ya tsaya a gefe, ba bayan faifan ba. Ya bar injin ya ɗauki gudu sosai kafin ya taɓa itace. Duk wannan na san shi. Babu ko ɗaya da ban sani ba.

Yana cikin yanka, guntun ya fara rinjaya. Ɗan'uwa Yakubu, dattijon ikilisiyarmu, ga shi can zaune, ya yi wuf zai tallafa, daidai yadda Hamidu ya yi. Saini ya saki makunni, ya riƙe zarton a wurin bai ja shi ba har faifan ya tsaya cik, sannan ya ɗago kai.

"Kada ka taɓa, Malam! Bar shi ya faɗi. Ƙasa ba ta cin katako." Sai ya yi dariya ya ce, "Laifina ne, ban faɗa maka tun farko ba. Mutanenmu in ba ka hana su ba, sai sun taimake ka. Mai zarto ne ke da magana kafin ya kunna."

Mai zarto ne ke da magana. Ni me na ce wa Hamidu kafin in kunna? Na ce masa baƙauye.

Na tashi da sandata na shiga ɗaki, rana tsaka, na rufe ƙofa. Ƙafar ba ta barina in durƙusa, sai na kwanta rubda ciki a kan siminti. Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Yesu, ni ne. Ni na ɗaure murfin. Ni na tsaya a bayansa. Ni na yi wa mutumin da ya ceci raina ƙazafi, na kuma sa sunanka a ciki don in ji daɗin zama wanda aka zalunta." Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗinke ni. A wurin nan Ubangiji ya cire mini abin da ya danne ƙirjina tun daga Yamai. Na tashi da kunya mai nauyi, amma ƙiyayyar ta tafi. Yabo ga sunansa!

Washegari na hau mota zuwa Tabla, daga nan amalanke ya kai ni ƙauyenmu. Na tarar da Hamidu yana gyaran rumbu. Na ce a kira kawunnanmu, domin a gabansu na ɓata shi, a gabansu zan wanke shi. Na faɗi komai: wayar, turamen, ƙaryar da na yi ta yaɗawa a Filinge. Na ce, "Hamidu, ka yi mini abin da ƙane na kirki yake yi, ni kuwa na saka maka da mugunta. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon igiyar da ke hannunsa.

"Ka san mi ya hi yi min ciwo, Yaya? Ba maganar ba. Wata nawa ina kwana ina tashi ina tambayar kaina ko ni na nakasa ka. Kai ko ka san gaskiya, ka bar ni da ita."

Na sunkuyar da kai.

"Na yahe ma, don Allah da darajar mahaifanmu," ya ce. "Amma zuciya ba ta tashi da umurni. Ka ba ni lokaci."

Ya sa aka kawo mini fura, ya raka ni har bakin hanya. Tun daga ranar, in mun haɗu a kasuwa yana gaishe ni da ladabi, yana tambayar ƙafa, yana tambayar Saratu. Amma bai sake ce mini tsoho ba, bai sake tsokanata ba, bai kuma tako gidana ba har yau da nake tsaye gabanku. Raunin cinya ya rufe cikin wata huɗu. Wannan na tsakanina da shi kuwa ni na yanka shi, ban san ranar rufewarsa ba.

Ku da kuke riƙe zarton kuran, Musulmi ne ko Kirista, ku gaya musu daga bakina: kada a ɗaure murfi, ko shef na wace ƙasa ya ce a ɗaure. A tsaya a gefe, hannu biyu a kan zarto, a bar guntun ya faɗi. In faifai ya cije, a saki makunni a jira ya tsaya, kada a yi kokawa da shi. Kafin a kunna kuma, a dubi duk wanda ke kusa a ce masa kada ya taimaka.

Ina gode wa Yesu da ya bar ni da rai, ya bar ni da ƙafa ko da gurguwa ce, ya kuma ƙi barina in mutu da ƙarya a baki. Wanda yake ɗauke da irin nawa a cikinku, kada ya jira watannin da na jira. Ku dogara ga Ubangiji, ku faɗa masa gaskiya, zai ba ku ƙarfin faɗa wa mutum.

Ku kuma sa Hamidu cikin addu'arku. Ba don ya yi laifi ba. Ku roƙa mini Allah ya ba ni tsawon rai har ranar da zan ji sallamarsa a ƙofar gidana.

Amin.