Mustang Ɗin da Ba Ta Hawa Tirela

Wani dattijo ya tuƙo jar Mustang ɗinsa 'yar 1969 zuwa baje kolin tsofaffin motoci a Detroit, ya faka kusa da tawa. Wani matashi mai tara motoci ya matso.

"Baba, kai ka gyara ta?"

"Daga inji har fenti. A wata gona na tsinto ta, kaji na ƙwai a cikinta."

"Hannunka ya iya. Amma tuƙo ta ka yi? Irin wannan a tirela ake kawo ta. Dubi yadda tsakuwa ta ƙarce gabanta."

"Don titi aka ƙera ta."

"Sayar mini. Ina da ɗaki na musamman, ko ƙura ba za ta taɓa ta ba."

"Wa zai riƙa tuƙa ta?"

"Babu. Ta kallo ce."

"Yaro, a masana'antarsu na yi aiki, ina ɗaura musu ƙofofi. Kullum ina kallonsu suna fita, ni ina komawa gida a bas. Na gama kallo."

"Ka dai sa mata kuɗi."

Dattijon ya murza makulli, inji ya yi ruri.

"Ba zan sayar ba."