Hadarin da Na Jira a Birnin Katsina

Guzurin da na bar gida da shi 'yan kuɗin wuri ne da ba su cika tafin hannuna biyu ba. Inna ce ta kai zaren da ta kaɗa kasuwar Maska, ta sayar, ta ƙulle mini su a tsumma, ta haɗa da garin dawa da daddawa, tana faɗin kada in nuna wa kowa. Wa zai yi wa wannan fashi? Ɓarawon da ya kwance ƙullin nan sai ya ƙara mini nasa don tausayi.

Kai Ɗanlami, ajiye fartanyar nan ka daina hararar ta, ba ita ta zuba tsakuwa a gonar ba. Tun safe nake jin ka kana gunaguni, wai wannan ba ƙasa ba ce, wai da an yi girbi sai birni, can ne ake zaman duniya. Ku matso inuwar ɗorawar nan ku duka, ku ji yadda kakanku ya je ya ga zaman duniya.

A lokacin ina saurayi, gandunmu bai rabu ba. Da an gama sussuka, samari sai su fita ci-rani, su ci abincin wani gari, a bar na rumbu ya kai damina. Ana gobe zan tafi Baba ya kira ni.

“Tanko, ka ga gonar kwari?”

“Na gani, Baba.”

Ku ma kun san ta, ga ta can ƙasanmu a bakin rafi, baƙar ƙasa wadda ko sanda ka kafa sai ta yi tsiro.

Ya ce, “Bana zan fitar da ita daga gandu ta zama gayauna. Kai ne babba, kai na yi wa niyya. Amma ka san al'adar gidan nan. Wanda ya zuba mata iri bayan ruwan shuka, shi ke da ita, shi da 'ya'yansa.”

Na ce, “Haba Baba! Ai da na ga hadari ya fara haɗuwa a gabas zan kamo hanya. Kafin ƙasa ta jiƙu ina gida.”

Ƙanena Barau yana gefe yana sassaƙar ƙota. Shi dama tun yana yaro ba ya magana, sai aiki kamar jakin gidan aro.

Na bi ayarin masu jakuna, ni da wani Bamaguje daga wajen Kafur, Nomau, wanda muka haɗu a hanya. Kun san me ke kan jakunan? Dawarmu da audugarmu. Wato abin da za ka je birni ka saya da tsada, shi ne kake tafe kana kora a gabanka. Ko a nan ya kamata in yi tunani, amma ina! Hankalina yana kan ganuwar Katsina.

Ganuwar kuwa ta cika ganuwa, ba zan rage mata ba. Na tsaya na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Muna shiga ƙofa ƙishirwa ta kama ni, sai ga wani da tulu a kafaɗa yana ta kiran ruwa. Na ce a raina, kai, mutanen birni akwai son lada. Ya tsiyaya mini, na sha na ƙoshi, na ce Allah ya saka da alheri, na juya. Sai na ji an damƙe mini wuyan taguwa.

“Ina za ka tahi?”

“Ai na gode.”

“Godiya ta lahira ce. Nan wuri ake badawa.”

“Wurin me?”

“Na ruwa mana! Daga wane kurmi ka hito?”

Ruwa fa! Abin da a nan ko akuya ba ta neman izini kafin ta sha. Ranar na fara kwance ƙullin Inna, raina kamar zai fita.

Maganarsu ma abin kallo ce. Ba sa tafiya sai “tahiya”, ba sa faɗuwa sai “hwaɗuwa”, ka rantse tuwo mai zafi ne a bakinsu suke hurawa. Da na gwada yin irin tasu don kada a gane ni, na je wajen mai fura na ce ta ba ni “hwura”, sai da ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ji. Ashe wannan “hura” suke ce mata. Daga nan na koma bakin ubana.

Mun sauka a zauren wani Malam Iro, mu da jakinsa. Jakin ya fi mu daraja, don shi kashinsa ma sayarwa ake yi wa masu gona. Ƙasar tasu rairayi ce, sai an yi mata magiya da taki kafin ta ba da gero ɗan zangarniya kamar yatsa. Wata safiya sanyi ya matsa mini, na zari kara uku a jikin dangar gidan na hura wuta. Malam Iro ya fito kamar an ce gobara ta tashi.

“Wa ya cinye mini danga?”

“Kara ne fa, Malam. A garinmu ƙona shi ake a gona don a huta.”

“To koma garinku ka ƙona! Kuma kada ka taɓa tokar, ta gida ce.”

Har toka tana da mai ita. Shi kuma kullum cikin yi mana gori yake, wai mu mutanen kudu sauro ya shanye mana jini, ƙurkunu ya cinye mana ƙafafu, muna kwana da kunne ɗaya a buɗe don tsoron mahara. Abin haushin shi ne duk gaskiya ya faɗa. Sai in ce masa, “Amma dai tuwon da ka ci jiya dawarmu ce.” Sai ya ce, “Da kuɗina na saya, kai kuma ga ka a zaurena.” Nan maganar ke mutuwa.

Aiki na samu wajen wani magini, Jatau, mai gajeren wuya da dogon harshe. Soro yake gina wa wani attajiri, ni kuma ina kwaɓa, ina jefa masa tubali sama. Idan na jefa da ƙarfi ya ce zan kashe shi, idan na sassauta ya ce tuwon dawa ya kashe mini jiki. Sauran ma'aikatan duk 'yan ci-rani ne daga can arewa, wajen Damagaram. Mu biyu ne kawai 'yan kudu, ni da Nomau.

Kada ku ce ban ji daɗin birni ba, na ji, har na so shi. Na yi barci babu kukan sauro, an rufe ƙofar gari, ba mai tashin ka da ihun mahara. Furar geronsu, in aka dama ta da nono, ta fi tamu, ko gaban Inna zan faɗa. Ga gishiri a kasuwa tuli, ga dabino, ga malamai kowane lungu. Sannan ga wata riga a rumfar wani dillali, baƙa wuluk, ta sha bugu tana walƙiya. Kullum in na tashi aiki sai na bi ta wajen na gaishe ta. Na riga na ga kaina a cikinta, tsaye a kan kunyar gonar kwari, Barau yana kallona.

Amma ban manta da maganar Baba ba. Kowace safiya kafin in taka kwaɓa sai na dubi gabas. Sama fes, kamar an wanke ƙwarya an kife.

Ana nan zafi ya tsananta, rannan Nomau ya fara ɗaure tabarmarsa.

“Tanko, tashi mu tafi. Wata nawa ke nan tun girbi? Gida an kusa ruwa.”

Na yi dariya har da riƙe ciki. “Ɗaga kanka ka duba. Wane ruwa? Ka dai ce ƙishirwar giya ta dame ka.”

Ya ce, “Ni dai na gaya maka.” Ya saɓa kayansa ya wuce.

Maganar ta ɗan tsaya mini a rai, don haka na je wajen Jatau na ce ko ni ma in shirya.

“Mi? Tahiya? Yaro, dubi sama. Ka ga hadari?”

“Ban gani ba.”

“Ka ji ƙanshin ƙasa?”

“A'a.”

“Waɗannan 'yan Damagaram ba manoma ba ne? Ka ga wani cikinsu ya ɗaure kaya?”

Na duba, kowa yana ta kwaɓarsa hankali kwance. Na ce lallai Nomau ne mai gaggawa. Tsohon banza, Jatau, bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba, tambaya kawai ya yi. Shi so yake a rufe soro kafin ruwansu ya zo, ya kuma san sarai abin da ni ban sani ba. Ni a lokacin na ɗauka sama guda ce, in ta zubo a Maska ta zubo ko'ina. Wa ya taɓa gaya mini damina ma matafiyiya ce, daga kudu take tasowa, a hankali kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa? Ta fara sauka a ƙofar gidanmu, ta huta, sannan ta lallaɓa Katsina. 'Yan Damagaram kuwa, da nake kallo ina samun natsuwa, su ne na ƙarshen layi.

Aka rufe soro. Bayan nan sai ga hadari ya haɗu a gabas, aka yi ɗan yayyafi wanda bai kashe ko ƙurar ƙofar gida ba. Mutanen birni suka fito suna murna kamar an yi musu gafara. Na ce yawwa, lokaci ya yi. Na karɓi ladana, na je na zube shi gaban dillali, na ɗauko rigata. Na yi wa Malam Iro sallama, ya bi ni da kallo har waje, ko zan tafi masa da toka.

Farkon tafiya ina waƙa. Ƙasa a bushe, manoma suna ta sassabe, na ce ma na yi sauri. Da na ƙara gaba sai na ga ƙafata tana barin sawu a danshi. Na ce ruwan jiya ne. Gaba kaɗan sai ga ciyawa ta tsiro a bakin hanya. Waƙar ta fara raguwa. Da na matso ƙasar Malumfashi sai na ga shuka ta fito layi-layi, ta kai idon sawu. Na tsayar da wata mata mai kai abinci gona.

“Baiwar Allah, yaushe aka yi ruwan shuka a nan?”

Ta dube ni, ta dubi rigar, don na riga na saka ta ina taƙama. “Ruwan shuka? Malam, daga wace duniya kake? Ai an fi wata.”

Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba, ko lokacin da mahara suka kwana a bayan garinmu. Na tattare riga na fara gudu-gudu. A wajen Kafur na hango mutum a duƙe yana noman fari, ya ɗago, ashe Nomau ne. Ya ɗaga fartanya sama.

“Sannu da zuwa, mai duban gabas!”

Na ƙara sauri. Tsakanin Bakori da gida ruwa ya sauko, irin namu na gaske, ba yayyafin birni ba. Rigar ta jiƙe, shunin ya fara bin jikina, wuya, hannuwa, har ƙafa. Na iso kamar wanda aka tsamo daga karofi.

Ban shiga gida ba, kwari na nufa. Dawa ta kai gwiwa, kore shar, iska tana kaɗa ta. Barau yana tsakiya a duƙe, bai ko ɗago ba. Baba yana zaune a kan gungume a bakin gona. Na zube gabansa.

“Baba, wallahi tallahi kullum ina duban gabas. A Katsina ba a yi ruwa ba sai da zan taso.”

Ya dube ni tun daga hula har ƙafa, ya daɗe yana kallon rigar tana ɗiga. Sannan ya ce, “To, a Katsina gonar take?”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Daga baya Inna ta gaya mini bayan ruwan shuka sai da ya hana a taɓa kwarin, aka shuke ko'ina aka bar shi. Kullum da yamma yana fita bakin hanya ya tsaya. Sai da ciyawa ta fara cin gonar sannan ya miƙa wa Barau ƙwaryar iri, ya shige ɗaki bai ci tuwo ba. Wannan ya fi rasa gonar yi mini ciwo, har yau in na tuna sai na ji shi a ƙirji.

Rigar kuwa, Inna ta shanya ta, ta juya bakinta ta duba saƙar, ta ce, “Tanko, ai wannan saƙar mutanen Maska ce. Kai ta aka yi can aka buga.” Kafin kaka gara ta gama da ita.

Da aka tashi ba ni tawa gayaunar, abin da ya rage shi ne wannan tudun da kuke zaune a kai. Waɗancan da kuke hangowa a kwari, suna noma suna waƙa, jikokin Barau ne, shi da bai taɓa ganin ganuwa ba har ya koma ga Allah. Ku kuma jikokin wanda ya ga birni ne.

Don haka Ɗanlami, ban hana ka tafiya ba. Je ka sha furar gero, ka yi barci ba sauro, ka gaishe mini da jikokin Malam Iro in tokarsu ta bar su da rai. Amma yanzu rana ta karkata. Ɗauki fartanyarka, ka lallaɓa ta, kada tsakuwar ta karya mata baki. Da tsada na saye ta.