Kai Ɗaya, Reza Ɗaya

A teburin mai shayi da ke ƙofar ofishin lafiya, Mato wanzami, mutumin Damagaram, yana ta juya sabon katin izininsa yana murmushi. Wani mutum mai jan shimagi a ka, mayafin nan na mazan Larabawa, ya zauna kusa da shi.

"Mabruk, barka, Malam. An samu ke nan?"

"An samu, bayan wata uku. Daga yau zan yi aski a unguwar Balad ba na tsoron kowa. Abu guda ke damuna: wai kai ɗaya, reza ɗaya, sai a jefar. Askar kakana fa? Ta aske kai ya fi dubu."

"Dubun nan ita ce matsalar. Ta haka cutar wani ke shiga jinin wani."

"Na yarda. Amma wanda ya rubuta dokar nan bai taɓa riƙe aska ba."

"Ya riƙe. Ubansa wanzami ne, a ƙafa ya zo aikin hajji daga Katsina, ya zauna nan. Da tsohon ya ga takardar dokar, sati biyu bai yi masa magana ba."

"Ka san shi ne?"

"Ni ne. Othman, daga sashen dokoki."

Mato ya ajiye kofi. "To, tsohon ya huce?"

"Tuni. Ya rataye askar a falo, yanzu shi ke yi wa abokansa wa'azin reza."

Mato ya tuntsire da dariya. "Yalla, zo shagona. Askin farko naka ne, da sabuwar reza."

Othman ya ɗaga shimaginsa. Kan sai sheƙi yake, ko silin gashi babu.

"Halas, shi ke nan," in ji Mato. "Shi ya sa ba ka ji tausayin aska ba."