Ranar Da Aka Ɓoye Ni A Rumbun Dawa

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu. A zaune zan ba da shaidata, ku yi haƙuri, shan inna ya shanye mini ƙafafu tun ina rarrafe.

A ƙauyenmu, can wajen Damari, da keken guragu nake yawo. A kan turba ba mai kamo ni. Amma da ya taɓa yashin rafi ko kunyar gona, sai ya kafe kamar jaki.

Da mutanen daji suka fara shigo mana, sai dattawa suka yanke shawara: duk wanda ba ya iya gudu, a zura shi cikin rumbu a mayar da murfi. Mu da za a zura ɗin, ba wanda ya tambaye mu. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Wata rana da hantsi, bayan girbi, muka ji babura daga bakin daji. Yayana Ayuba ya saɓe ni a kafaɗa ya nufi rumbunmu.

Na ce, "Yaya, kaka ce fa. Hatsi suke zuwa ɗiba."

Ya ce, "Yara biyu na jirana, Rifkatu. Yi shiru, zan dawo."

Ya rufe ni ya tafi.

Ina kwance kan dawa, ƙaiƙayi na cin jikina, ina jin su suna bin rumbuna ɗaya bayan ɗaya. In sun kwashe, su cinna wuta. Hayaƙi ya fara shigo mini ta jinka. Ko murfin ba zan iya kaiwa ba.

Addu'ata ba ta da ado. Na ce, "Yesu, ban samu ƙafa ba, kuma ban kai ƙararka ko'ina ba. Amma kada ka bari in ƙone a nan kamar ɓera."

Sai murfi ya ɗaga. Wani mai rawani da bindiga ya leƙo. Ya dubi fuskata, ya dubi ƙafafuna, ya daɗe yana dubansu.

Daga ƙasa wani ya ce, "Akwai hatsi?"

Ya ce, "Gara ta cinye. Bar shi, mu wuce."

Ya mayar da murfin a hankali. Ban san shi ba, amma na san wanda ya juya masa harshe. Halleluya!

Da yamma Ayuba ya dawo ya tarar da rumbunan maƙwabta sun zama toka. Ya tsaya gindin namu yana kiran sunana, tsoro ya hana shi buɗewa. Da na amsa, sai ya zube ƙasa yana kuka.

Na gode wa Ubangiji, ku ma ku dogara gare shi. Amma dattawa, ku ji ni. Mu da ba ma iya gudu muna nan a cikinku, kuma ga dawa ta sake fitar da kai. Kafin a tashi sujada yau, ina roƙo a faɗa wa kowannenmu sunan wanda zai ɗauke shi. Amin.