Kada Ku Ce wa Likita "Da Sauƙi"

Jawabin Malam Lawal Mani, ma'aikacin jinya kuma tafinta, ranar buɗe zangon aikin ido karo na biyu a Katsina, 1977

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban wannan taro, wakilin Mai Martaba Sarki, iyayenmu hakimai da masu unguwanni, malamai da limamai, shugabannin coci da suka amsa gayyata, manyan ma'aikatan lafiya, baƙinmu likitoci da suka tsallako teku, iyayena mata da ke can ƙarƙashin rumfa, da ku da aka yi wa ja-gora zuwa nan, waɗanda ba ku ganina amma kuna jina, kuma dominku aka shimfiɗa waɗannan tabarmi: ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku sannu da zuwa, sannu da rana.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sake haɗa mu bayan shekara guda. Muna godiya ga Dakta Anna daga ƙasar Holan, wadda mutanen unguwar Gobarau suka raɗa wa suna Hannatu tun bara, kuma ta karɓa ba tare da an yanka rago ba. Muna godiya ga Dakta Matai daga Indiya da sauran abokan tafiyarsu. Waɗannan bayin Allah hutunsu na shekara suka ɗauka, suka bar iyalansu, suka zo su tsaya a kan ƙafafunsu daga hantsi zuwa la'asar har mako uku, ba don wani ya ɗauke su aiki ba. Muna godiya ga hedimastan wannan makaranta da ya ara mana azuzuwa, da Sista Rifkatu da 'yan'uwanta masu jinya.

Muna cikin zamanin da arziki ya buɗe wa ƙasar nan. Kwalta ta shiga inda jaki kaɗai ke bi, samari sun hau babura, kusan kowane zaure da rediyonsa. Amma tsohon da ba ya ganin hanyar masallaci, da tsohuwar da ba ta iya tsince tsakuwa a cikin gero, har yanzu suna nan inda suke zaune. Saboda su zan yi magana, kuma shugaba ya ba ni minti goma, na ga ya ajiye agogonsa a kan tebur.

Magana ta farko ita ce sakamakon bara. An yi wa mutum ɗari uku da sittin da biyu aikin yanar ido. Ɗari uku da hamsin da biyar sun koma gida suna gani, da tabaransu masu kauri. Bakwai ba su samu ba. Shida daga cikinsu, an tarar wata cuta ta riga ta taɓa jijiyar ido tun kafin su zo. Na bakwai kuwa aikinsa ya yi kyau, ya gani da idonsa, daga baya idon ya mutu. Ba hannun likita ne ya kuskure ba. Ni ne na kuskure, kuma ita ce magana ta biyu.

Da yawa a cikinku kun san Baba Almu na Ƙofar Marusa, mai aikin babbar riga. A cikin manyan da ke zaune a gabana ma akwai waɗanda ke sanye da ɗinkinsa. Na nemi izininsa kafin in ba da wannan labari, sai ya ce in bayar, kuma in ambaci sunansa don kada a zaci ƙage ne. Yanar ido ce ta rufe masa idanu biyu. Dakta Hannatu ta yi masa aiki a na dama, domin ƙa'idarsu ido ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. Ranar da aka kwance masa bandeji, ya kama hannun rigata ya duba, ya ce, "Wa ya yi maka wanga ɗinki? Ya cuce ka." Duk ɗakin aka yi dariya, ni ma na yi, ko da yake sabuwar riga ce.

Aka sallame shi bayan kwana shida. Aikina a lokacin shi ne in hau babur in zagaya gidajen waɗanda aka sallama, in kawo wa likita bayanin kowa, ita kuma ta ce a dawo da wane, a bar wane. Kwana uku da sallamarsa na isa gidansa. Na same shi a zaure, 'yan dubiya sun kewaye shi, ya rufe idon da wani ƙyalle. Na durƙusa na ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Na ga ƙyallen, na ji nauyin in ɗaga shi a gaban manya, na yi sallama na fita. A takarda na rubuta wa likita da Turanci cewa ya ji sauƙi. Ita kuwa abin da aka rubuta ta karanta, ta wuce zuwa suna na gaba.

Jama'a, ashe kwanansa biyu idon na yi masa zugi, yana ruwa, ya kumbura. Sai da ɗiyarsa Zainab ta zo daga gidanta ta ga halin da yake ciki, ta sa aka kawo shi, ana saura kwana ɗaya baƙi su tashi. Ƙwayar cuta ta shiga idon, ta gama da shi. Dakta Hannatu ta ce da an kawo shi ranar da na je, da akwai abin da za a yi. Ta ajiye takardar a gabana, ta ɗora yatsa a kan rubutuna, ta tambaye ni me ya sa ya ce ya ji sauƙi.

Ni Bakatsine ne, a cikin garin nan aka yanke cibiyata. Na san cewa mutum ko yana kan gargara aka ce masa ya jiki, zai ce da sauƙi. Na san haka tun ina yaro, kun san haka, kowa a nan ya san haka sai baƙinmu. Gaisuwa na yi masa, ya amsa mini gaisuwa, ni kuma na ɗauki amsar gaisuwa na miƙa wa likita a matsayin bayanin ciwo. Shekara guda ke nan abin yana ci mini rai, kuma ba zan ɓoye muku ba, har yau kunya nake ji in bi ta ƙofar gidansa.

Da na koma neman gafara, na ce, "Baba, don Allah me ya hana ka gaya mini?" Ya ce, "Lawal, mi zan ce? Baiwar Allah ta baro ƙasarta da ɗiyanta, ta zo ta yi mani aiki don Allah, sai in aika mata cewa aikinta na ciwo? Kuma a gaban baƙi? Ai sai a ce ban gode ba." Kun ji. Ba jahilci ne ya rufe masa baki ba. Kara ce, da kunya, da gudun butulci, wato halayen da iyayenmu suka hore mu a kansu, waɗanda ni ma nake hore 'ya'yana a kansu.

Magana ta uku ita ce abin da muka gyara. Ba na roƙonku ku daina gaisuwa. Idan maƙwabci ya zo dubiya, ku ce masa da sauƙi, Allah Ya ba shi ladan zumunci. Amma idan mai farar riga ya durƙusa a gabanku, ba dubiya ya zo ba. Bana za mu gaisa da ku yadda ya kamata, in mun gama sai mu ce, to, an gama gaisuwa. Sannan mu tambaya: yana zugi? Yana ruwa? Ya hana ku barci? Yatsuna nawa? Kuma za mu ɗaga ƙyalle mu duba da idonmu, ko hakimi ne, ko limami ne, ko a gaban wa. Ina neman afuwar iyayenmu tun yanzu. Na tambayi malamai, ga su nan zaune, sun ce gaya wa likita inda ke ciwo ba ƙorafi ba ne ga hukuncin Ubangiji, neman magani ne, kuma an umarce mu da shi. Likitocin nan ma na tambaye su. Sun ce godiyar da suka fi so ita ce a gaya musu gaskiya da wuri.

Magana ta huɗu gajera ce. Wanda aka yi wa aiki kada a ɗiga masa komai a ido sai abin da muka ba shi: ba ruwan albasa, ba ruwan sukari, ba kwalli, ba tofi a cikin idon kansa. Masu yawo ƙauyuka suna tura yanar ido da ƙarfe, ku nisance su, mun ga idanun da suka bari. Iyaye mata masu gashin ido da ke juyawa ciki yana sukar ƙwaya, waɗanda kullum suke tsige shi da matsefata, ku zo, ƙaramin aiki ne. Magidanta, an ware ajin mata, Sista Rifkatu da Tani ungozoma ne ke tsaron ƙofarsa, kuma wanda ya san Tani ya san namiji ba zai leƙa ba. Sannan baƙin nan mako uku za su yi su tafi, mu ne za mu zauna da marasa lafiya. Shi ya sa bana mutum huɗu daga cikinmu za su tsaya kusa da su, su koyi aikin da hannunsu.

Ranka ya daɗe, na ga an ɗaga agogo, saura kaɗan.

Baba Almu ido ɗaya ya rage masa, na hagu, kuma shi ma yanar ta rufe shi. Dakta Hannatu ta duba shi shekaranjiya. Ta ce idon na da rai, amma yanar ta nuna ƙwarai, jira zuwa baɗi na iya ɓata shi. Sau uku ina zuwa gidansa a kan wannan magana, sau uku yana ce mini, "To, Allah Ya kai mu." Yanzu na koyi sauraro, na san wannan ba amincewa ba ce. A zuwa na uku ya ce mini, "Da wanga ido nike gane gari ya waye, da shi nike gane rana ta faɗi. Shi kaɗai gare ni. In aka taɓa shi ya bi ɗan'uwansa fa?" Ban ce masa ba zai yiwu ba, domin ƙarya ce.

Yau da safe Zainab ta riƙo hannunsa har ƙofar ajin da ake aiki. Ya ce a kira likita, a kira ni. Ya ce, "Lawal, ka gaya mata na zo. Ka gaya mata tsoro nike ji. Ka faɗa mata yadda na faɗa, kada ka gyara." Dattijo mai shekara saba'in, a gaban ɗiyarsa, a gaban baƙuwa. Na juya mata maganar kalma bayan kalma, ban rage komai ba. Sai ta ce in gaya masa ita ma tana jin tsoro, kuma shi za ta fara yi wa aiki, da safe, kafin hannunta ya gaji.

Gobe da ƙarfe takwas ne. Ga shi can zaune a layi na biyu, ku sa shi a addu'a.

Allah Ya ba Baba Almu hasken idonsa, shi da duk wanda aka riƙo wa hannu zuwa wannan fili. Allah Ya daidaita hannun likitocin nan, Ya saka musu da alheri, Ya mayar da su ga iyalansu lafiya. Allah Ya yafe mana abin da muka kuskure, Ya hana mu maimaita shi. Allah Ya ƙara wa Sarki lafiya, Ya zaunar da Katsina da ƙasarmu lafiya, Ya kai kowa gidansa lafiya.

Na gode. Wassalamu alaikum.