Labule Biyu a Shagon Hotona

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da duk masu saurare. Ni ne Sabi'u mai ɗaukar hoto a unguwar Farcha, kuma cikin tsoro nake rubuto maka.

Bana da Sallah da Kirsimeti suka zo kusa da juna, sai na sa aka zana min labulen bayan hoto guda biyu, ɗaya da masallaci, ɗaya da bishiyar Kirsimeti mai fitilu. Na rataye su a ƙofar shago don kowa ya san da shi nake. Mahauta suna kawo 'ya'yansu, Kiristoci 'yan kudu ma suna zuwa.

Ranar Talata wasu mutum biyu da ban sani ba suka tsaya a kan babur. Ɗayan ya nuna bishiyar ya ce, "Kai ba Musulmi ba ne? Cire wannan kafin ashana ta cire maka." Nan take na naɗe labulen na tura ƙarƙashin benci.

Washegari Madam Odil, maƙwabciyata Kirista wadda nake ɗaukar 'ya'yanta hoto tun suna goye, ta zo da su cikin sababbin kaya. Ta dubi ƙofa ta ce, "Sabi'u, mu ma an naɗe mu ke nan?" Na kasa haɗa ido da ita. Na kulle shago, na fito da labulen, na ɗauke su hoto.

Yanzu duk babur ɗin da ya tsaya, sai in leƙa in ga ko su ne suka dawo. Ina gaida mahautan Farcha. Jama'a, ku ba ni shawara: in mayar da labulen ƙofa, ko in ci gaba da ɗaukar maƙwabtana hoto a ɓoye?