Rigar Ranar Fasa Dutse

A rumfar wani tela a kasuwa, wani dattijo riƙe da hular kwano ya tsaya ana gwada shi.

"Baba, rigar ta wane biki ce?" in ji telan.

"Ta ranar da ramin jirgin ƙasa da muke haƙawa zai ɓulla bayan dutse. Shekara talatin ni ake tambaya yaushe za a gama. In ƙwanƙwasa dutse da guduma, in saurara, in faɗa. Yanzu sun kawo wata injiniya, sa'ar 'yata, da kwamfutarta."

"Ita me ta ce?"

"Wai ta zuba wa na'urar taurin dutse da yawan ruwa da lalacewar inji, ta gwada aikin sau dubu. Wai bakwai cikin goma, sai sati tara. Ka ji wayo? In ta dace, ita ce gwana. In ba ta dace ba, ai dama ta bar uku. Ni kuwa in na kuskure da kwana biyu, har mai gadi sai ya yi min dariya."

"Da mu teloli mun san wannan dabara, da mun huta da zagi."

"Manaja har kujera yake jawo mata. Ni a tsaye nake bayani."

"Kai sati nawa ka ce?"

"Biyar. A gaban kowa na rantse."

"To, bari in ajiye ɗinkin wasu, in gama maka kafin biyar ɗin."

Dattijon ya jujjuya hular a hannunsa.

"Kada ka takura kanka, ɗana. Ko a sati na takwas ka gama, ya isa."